Buhun da Gwaggo Ta Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Gwaggo ya karɓi abarsa ranar wata Alhamis da hantsi, tana tsaye a kicin tana juya turaren wuta a kasko. 'Yarta, wadda muke kira Yaya, ta ce ko tari ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Riƙe mini cokalin nan," ta zauna a ƙasa, ta jingina da firij, shi ke nan.

Kafin azahar matattakalar gidansu da ke Giza ta cika da takalma tun daga ƙasa har hawa na uku. Mutanen Sudan suna kuka da ƙarfi irin nasu, mu matan ɗalibai 'yan Najeriya muna gefe muna share hawaye da bakin hijabi. Wata tsohuwa sai maimaitawa take, "Yanzu wa zai raka ni asibiti?" kamar wata a cikinmu za ta ɗaga hannu. Bawwab ɗin gidan, wato maigadi, wanda kullum suke sa-in-sa da ita a kan hayaƙin turare, shi ne ya yi ta hawowa da kujeru a ka, yana ce wa duk wanda ya gamu da shi ma'alish, wato a yi haƙuri. Na kuma ji wata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita, "Allah ya jiƙanta dai, amma saura ƙiris ta raba mu da magani." Ta kusa da itan ta ce amin, ban san wanne ta amsa wa ba.

Ni ban yi kuka ba ranar, kuma ba taurin zuciya ba ne. Rikicewa na yi. Kusan shekara guda ina fushi da Gwaggo, na zo gaisuwar mutuwa ɗauke da fushina, na rasa inda zan ajiye shi.

Ranar sadakar uku abu biyu suka faɗo mini a ka. Na farko, Duktura, likitar da ke shugabantar asibitin unguwa, ta zo ta'aziyya. Da za ta tafi ta kama hannuna ta ce Hajja, wato Gwaggo, ta ba da sunana tun watan jiya, kujerarta a zaman shekara na asibitin ta zama tawa, kuma zaman saura mako uku. Kafin in gama haɗiye wannan, Yaya ta ja ni ɗaki, ta durƙusa, ta janyo wani buhun shinkafa daga ƙarƙashin gado, bakinsa a ɗaure da igiya.

"Ta ce in ba ki."

"In yi me da shi?"

"Ta ce kin sani."

"Yaya, wallahi ban sani ba."

"To mun zama mu biyu," in ji ta, ta koma wurin baƙi.

Sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za a gane me ya sa buhu ɗaya ya hana ni sukuni ba.

Gwaggo ba ƙanwar mahaifina ba ce ta jini. A kasuwar Ataba ta tsince ni, watana biyu a Masar, ina yi wa maigidana, Malam, mita a kan wata tukunya da ya saya ko tayawa bai yi ba. Sai na ji an ce da Hausa a bayana, "Da gaskiyarki, an cuce shi." Na waiwaya na ga wata doguwar tsohuwa naɗe cikin tobin matan Sudan. Ta ce 'yar ina ce ni, na ce Haɗeja. Ta dafe ƙirji. Ashe daga can kakanta ya taso a ƙafa zai je Makka, ya tsaya noma a Sudan don ya haɗa guzuri, noman da bai ƙare ba har ya koma ga Allah. Ita ko Najeriyar ba ta taɓa gani ba, balle Haɗeja. Amma nan take ta yanke hukunci: "Ashe ni gwaggonki ce. Khalas." Ta karɓe tukunyar daga hannun Malam, ta koma wurin mai shago, ta dawo da ita da ludayi biyu a ciki.

Turaren wuta take sayarwa, tana kuma yin lalle, don haka babu gidan Bahaushe daga Giza har Dokki da ba ta san kicin ɗinsa ba. Hausarta irin ta kakanni ce, ta cakuɗe da Larabcin Sudan. In ta yi mini magana wani lokaci sai in ji kamar kakata ce ta tashi daga kabari ta koyo yalla da tamam.

A bayan layinsu akwai wani ƙaramin asibitin sadaka a ƙasan wani bene, wanda ke duba baƙi irinmu. Sau ɗaya a shekara masu asibitin sukan kira zama don tsara abin da za a yi baɗi da ɗan kasafin da suka samu. Kowace al'umma ta baƙi tana da kujera ɗaya. Ana zagayawa a tambayi kowa me ke damun mutanensa, kuma abin da aka faɗa a wurin shi ake yi wa tanadi.

Da can wani babban ɗalibi ake turawa kujerar Hausawa, mai Larabci kamar ruwa. Shekara uku a jere in an zo kansa sai ya gyara zama ya ce, "Alhamdulillahi, mutanenmu lafiya lau, mun gode da karamcinku." Ba ƙarya ya yi niyya ba, bawan Allah. Haka aka raine mu, ba ma zama a gidan mutane mu jera koke. Su kuwa masu asibiti suka rubuta abin da suka ji, suka ba masu kuka kasonmu.

Da labari ya isa kunnen Gwaggo ba ta je ta yi wa kowa faɗa ba. Cewa ta yi, "Na daina tambayar bakinku. Ku ko ana ɗaukar ranku, lafiya lau ne. Kwandon shara zan riƙa tambaya." Daga nan in ta shiga gidanki ta gama auna miki turare, sai ta ce a ba ta ruwan sanyi. Ba ta jira a kawo mata. Biyo ki take yi har kicin, kina buɗe firij tana leƙa kansa, tana leƙa bayan ƙofa, duk kwalin maganin da aka shanye aka yar sai ya shige ledarta. Da zama ya zo ta bi bayan ɗalibin nan ba tare da an gayyace ta ba. Yana fara alhamdulillahinsa ta zazzage buhu a kan tebur, kwalaye suka yi ta gangarawa har ƙarƙashin kujeru. Ta ce, "Ga lafiya lau ɗin. Duk da kuɗin abincinsu suka saya." Tun daga shekarar aka fara ba mutanenmu maganin hawan jini da na ciwon suga kyauta, kujera kuma ta zama tata. An yi wannan kafin in zo, amma mutum biyar sun ba ni labarin, kuma kowane sai buhun ya ƙara girma a bakinsa.

Alherinta a kaina kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Da na haifi 'yata ta fari, ba uwa ba ƙanwa a kusa, ita ce take hawo microbus, ƙaramar motar haya, kullum da safe ta dafa ruwa a tukunyar nan ta Ataba ta yi mini wankan jego a ɗan banɗakin da ko juyawa ba ka iya yi. Da mahaifiyata ta dage a waya sai an dama mini kunun kanwa, Gwaggo ta karɓe wayar ta ce jinin yarinya ya hau, ba za ta sha kanwa a hannunta ba. Suka yi ta yi, mata biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ƙarshe suka rabu suna kiran juna 'yar'uwa. Kunun kuwa ban sha ba.

Jinina ya hau da gaske, kuma a nan nawa laifin ya fara. Likita namiji ne ya duba ni, Malam ne tafinta. Likitan ya yi magana ta kai minti biyar, yana nuna kwali, yana nuna ni, yana nuna jaririya, Malam yana ta tamam, tamam. Da muka fito na ce me ya ce? Ya ce, "Cewa ya yi ki sha." Ni kuwa abin da ke raina shi ne ko maganin yana bin nono, da wasu tambayoyi na mata da ba zan iya bi da su ta bakin mijina zuwa kunnen wani namiji ba. Na sha kwana uku, yarinya ta fara zawo, na ce shi ke nan, shi ne. Na tura kwalin bayan robar shinkafa.

Amma duk wata sai in je in karɓo sabo, in yi godiya har da rusunawa. Ta yaya zan ƙi abin da Gwaggo ta sha wahala a kansa? Ai sai a ce na raina kyauta. Har na yaye yarinya ban koma sha ba, don a lokacin ƙaryar ta yi tsawon da ban san yadda zan warware ta ba, ciwon kai kuma na ɗora wa hayaniyar Alƙahira. Abu ɗaya ya riƙa ɗaure mini kai: kwalayen bayan roba ba sa taɓa wuce biyu. Na ɗauka Malam ne ya gano yake zubarwa, yana jiran in yi magana. Na yi shiru, shi ma shiru.

Duk zuwan da Gwaggo za ta yi sai ta taho mini da zoɓo a gora, ba ko ɗigon sukari, mai tsamin da ke sa ido ya rufe, ta tsaya a kaina sai na shanye. In ta ɗanɗana miyata ta ce gishirin nan na gidan biki ne. Wani lokaci ta ce in raka ta asibiti ƙafarta na ciwo, muna zuwa ta ce wa ma'aikaciya, "Tunda ta zo, auna ta ita ma." Ni duk na ɗauka fitinar tsufa ce.

Faɗanmu ya samo asali ne daga zaman bara. Ta tafi da ni don in riƙe mata buhu, ina ta murna zan ga zazzagewar da ake ba da labari. Da aka zo kanta sai ta ce a rage maganin da ake ba Hausawa, a ɗauki mace mai jin Hausa ta riƙa zama da likita da mai ba da magani kwana uku a mako. Na dube ta, na ɗauka Larabcina ne ya gaza. Duktura ma ta cire tabarau ta ce, "Hajja, ke ce fa kika kawo maganin nan. Ina hujja? Buɗe buhun." Gwaggo ta ɗora ƙafa a kan buhun ta ce ba za ta buɗe ba. Aka yi, aka yi, ta ƙi. Duktura ta ce ba za ta rage wa mutane magani a kan magana ba hujja ba, a bar shi sai baɗi. Muka dawo da buhunmu yadda muka tafi da shi.

Kafin Juma'a magana ta zaga gari. Aka ce tsufa ya taɓa ta. Aka ce aiki take nema wa Yaya, wai ta gaji da shara a ofishin da take yi a Dokki. Ni da bakina, Allah ya yafe mini, na hau bene na same ta tana daka sandal.

"Gwaggo, mutane suna magana. Wai aiki kike nema wa Yaya."

Ba ta ɗago ba. "Mutane ne suke magana, ko ke ce?"

"Ni ma ban gane ba. Shekara nawa kina wahala a kan maganin nan, yau kuma ke ce mai cewa a rage?"

"Kina shan naki?"

"Ina sha mana."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "To Allah ya ƙara sauƙi, ɗiyata. Akwai zoɓo a firij."

Daga ranar na ja baya. Ita ba ta daina zuwa gidana ba, da gorarta da neman ruwan sanyinta, ni ce nake ba ta ruwan fuska a ɗaure. Haka muka yi har Alhamis ɗin nan ta zo.

To, buhun da ta taka a zaman bara shi ne Yaya ta miƙo mini. Na bari sai da Malam ya tafi karatu da safe, na zauna a tsakar falo na kwance igiya. Tun a hanya nauyinsa ya dame ni, don kwali marar komai ba ya nauyi. Ina buɗewa na ga ƙulli-ƙulli, kowane an ɗaure shi da tsinken ƙyalle daban, wannan atamfa, wancan shadda, wancan yankin tobi. Na kwance ɗaya. Kwalaye ne cike da magani, ko kati ɗaya ba a ɓalla ba. Na kwance wani, haka. Wurin da mai ba da magani ke rubuta suna kuwa, ta bi kowane ta shafe shi da lalle.

Ina cikin tonawa hannuna ya kai kan wani ƙyalle kore mai ɗigon rawaya. Ragowar atamfar da na ɗaura ranar sunan 'yata ce, wadda Gwaggo ta roƙa wai za ta ɗaure turare. Kwali goma sha huɗu. Nawa ne ƙullin da ya fi kowane girma.

Nan ne kukan da ban yi ranar mutuwa ba ya zo, kuma ya zo tare da haushi. Ashe ta sani tun farko. Ashe ba Malam ba ne, ita ce take kwashe tsofaffin ta bar mini sabo ko Allah zai sa in sha. Ta dubi tsabar idona na yi mata ƙarya, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Matar da ke yi wa bawwab tsawa daga hawa na uku, me ya hana ta yi mini ko ɗaya? Da ta mare ni ai da na sha. Na kira Yaya ina shessheƙa, na tambaye ta.

"Mama ta taɓa ce mini in ta tona mutum ɗaya, gobe ba mai barin ta shiga kicin."

"To da na faɗi na mutu fa?"

Yaya ta ce, "Ba ta kai ki an auna ki ba?"

Ta kai ni. Ta kuma ɗura mini zoɓo, ta hana ni gishiri. Har yau ban yanke ba ko hakan ya isa, ko kuwa ta yi kuskure. Wani lokaci ina ganin hikimarta, wani lokaci ina ganin ta yi caca da raina, kuma duka biyun ina jin su a rana ɗaya.

Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne zama yana matsowa. Yanzu na gane me ya sa ta nemi tafinta mace, na kuma gane me ya sa ta taka buhun. In aka zazzage shi a gaban masu asibiti za su ga maganin sadaka tuli guda ba a sha ba, suna iya cewa mutanen nan ɓarna suke yi, su yanke shi gaba ɗaya, har da na tsofaffin da ke sha da gaske. In kuma ba a buɗe ba, babu hujja, babu tafinta, mata za su ci gaba da karɓa suna godiya suna turawa bayan roba har wata ta faɗi. To ni ta ba ni buhun ne in buɗe, ko in ɓoye?

Yaya ta ce in zazzage shi kamar yadda Mama ta yi da farko. Malam kuwa, da na gaya masa komai, ya daɗe yana kallon ƙullina.

"Ni na ɗauka kina sha."

"Malam, ranar nan me likitan ya ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi rabi na gane. Larabcinsu na asibiti daban ne. Na ji kunyar in ce ya maimaita."

Mutumin da zai wuni yana warware maganar rabon gado da Larabci ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ban san ko in yi dariya ko in jefe shi da kwali ba. Shawararsa ita ce kar in buɗe, amanar mutane ce, ba a ba ni izini ba. Na ga gaskiyarsa, na ga ta Yaya, na ƙara rikicewa.

Na ce bari in zaga gidaje in ji ta bakin mata. Duk inda na shiga na ce me zan faɗa a zama, amsa ɗaya ce: lafiya lau, a dai ci gaba da ba mu magani, Allah ya saka musu. Har gidan matar nan da ta yi raɗa ranar ta'aziyya na je. Ta ja mini kunne sosai kar in bi sawun Gwaggo. Tana magana ina kallon zanen da ke jikinta, shuɗi mai zanen ganye, don na ga ƙyallensa a buhu. Na sha ruwanta na yi godiya na fito.

Ranar zama na hau microbus da buhu a cinya, ban yanke komai ba. Na zauna a kujerar Gwaggo, na ajiye shi a gefen ƙafata. Aka yi ta zagayawa har aka zo kaina. Duktura ta ce, "Yaya mutanenku?" Wallahi kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce alhamdulillahi, kuma lafiya lau tana biye, na ji ta a kan harshena. Na datse ta da haƙori.

Na sunkuya, na sassauta igiya, na zaro ƙulli ɗaya, kore mai ɗigon rawaya. Na kwance shi a kan tebur. Larabcina na kasuwa ne, da shi na yi amfani.

"Wannan nawa ne. An ba ni, na yi godiya, ban sha ba. Ban gane abin da likita ya ce ba, kuma na ji kunyar tambaya. Muna son mace mai jin Hausa."

Duktura ta ɗauki kwali ɗaya ta juya shi, ta ga lallen, sannan ta dubi buhun da ke gefen ƙafata.

"Ke kaɗai ce?"

"Wannan ne nawa," na ce. Na ji ƙafata ta hau kan buhun da kanta.

Wani dattijo cikin masu kula da kasafi ya ce to ga shi nan, abin da yake tsoro ke nan, ana ba mutane suna zubarwa, gara a yanke a ba masu so. A raina na ce na kashe tsofaffin mutane da bakina. Duktura ta tashi ta fita, ta dawo da abin awon jini, ta naɗe mini hannu a gaban kowa. Da ta gama ta juya masa abin ya gani da idonsa. Ta ce, "In mun yanke, mun rasa ta. In mun ci gaba yadda muke, nan ma mun rasa ta. Zaɓi."

Aka yi ta ja har la'asar. Ƙarshe ba a yanke magani ba, aka fasa sayen sababbin kujerun ɗakin jira, aka ce za a gwada mace mai jin Hausa ranar Talata kawai, na wata shida. Gwaggo kwana uku ta nema, ni ɗaya na samo. Har yanzu ban san ko nasara na yi ko rabin faɗuwa ba. Aikin kuwa wata bazawara 'yar Sudan aka ba, don Yaya ta ce ko da zinare za a biya ta ba ta so.

Wasu matan sun daina amsa gaisuwata, wai na kunyata Hausawa a gaban Larabawa. Amma mako biyu bayan zaman wata ta zo gidana ba dalili, muka gaisa, ta ce in ba ta ruwan sanyi, ta biyo ni kicin. Buhun yana bayan ƙofa. Na buɗe firij na ba ta baya, na daɗe ina neman gorar da ke gabana. Da ta tafi na ɗaga buhun na ji ya rage nauyi. Haka suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, har da mai shuɗin zane, ba wadda ta ce komai, ni ma ban ce ba. Ranar Talata kuwa ɗakin jira cika yake yi, a kan tsofaffin kujerun nan masu karkata.

Wata uku ke nan da rasuwarta, ƙulli ɗaya ya rage a gindin buhu. Ƙyallen baƙi ne mai ɗigon fari, yankin tobin da take sanye da shi ranar da ta tsince ni a Ataba. Ba shi da nauyi. Na kwance na ga kwalayenta ne, kowane kati an ɓalle shi tas, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsallake ba. Ita da ta sha nata ta tafi, ni da na ɓoye nawa ga ni zaune. Malam ya ce ajali ne, kuma na san ajali ne, amma sanin bai hana kaina ɗaurewa ba. Ban kuma san me ya sa ta saka nata cikin namu ba, kamar yadda ban san ko ta zaɓe ni don ta yarda da ni ba ne, ko don ƙullina ya fi na kowa girma.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka, baƙuwa 'yar baƙi, wadda ta rufa asirin mutane har suka zage ta a kai. Ka rufa nata, ka yalwata mata kabari, ka shayar da ita ruwan sanyin da ba sai ta bi kowa kicin ba. Ka yafe mini abin da na faɗa mata.

Jiya na shanye kwalina na farko. Na yanko ƙyalle kore na ɗaure shi, na sa a buhu kusa da nata. Gwaggo, kin tambaye ni sau ɗaya na yi miki ƙarya. Ina sha.